Surki Ba Kulle

Jikata ce ta fama mini wannan tsohon miki, ita kuwa ko a jikinta. Maganin tari ta sayo a farmasi, ta zauna nan tsakar gidanmu na unguwar Zariya a Maraɗi ta warware 'yar takardar da ake cusawa cikin kwali, mai ƙananan rubutu kamar sawun kiyashi. Ta duba gaba, ta duba baya, ta yi tsaki ta yar. Ta ce, "Wannan ai surkulle ne, wa zai gane shi?"

Na ce, "Ke, mi kika kira shi?"

Ta ce, "Surkulle mana, Hajiya. Zancen da ba kai ba gindi."

Ba laifinta ba ne, haka ta tarar ana faɗa. Yau a Maraɗi in ɗan siyasa ya cika rediyo da alkawari sai a ce surkulle yake yi. In mai gyaran salula ya so ya ruɗa ka, surkulle. Mahaukacin bakin tasha da ke magana shi kaɗai, shi ma surkulle. Kalmar da a da in an ambace ta manya ke rage murya ta zama abin zolaya a bakin yaran da ko hura wuta da kara ba su iya ba. Ranar nan ko tuwo ban taɓa ba. Na zauna ina jin baburan kabu-kabu na ta kai da kawowa a bayan katanga, amma ni ina can Jiratawa, gindin kakata.

Ni ce 'yar fari, don haka ana yaye ni aka kai ni wurin uwar babana, kamar yadda aka saba. Sunan uwarta aka sa mini, shi ya sa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "Uwata". Baba yana Maraɗi yana ɗinki a bakin kasuwa, yana kuma ɗaukar karatu wurin wani malami. Shi kaɗai ya rayu cikin duk 'ya'yan da Kaka ta haifa. Ita kuwa maginiyar tukwane ce, asalinta daga wani ƙauye bayan Tsibiri, gidan anna, mutanen da suka riƙe al'adar kakanni ba su shiga salla ba. Aure ya kawo ta Jiratawa, ta zauna cikin masu salla lafiya lau, ana suna tare ana biki tare, in azumi ya zo ita ke fara aika wa maƙwabta kunu. Doguwa ce, baƙa, mai faɗa kamar me, amma faɗan nata ba ya kwana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai na wancan zamani shi ne ƙara. Garin nan namu na yanzu ƙararsa ɗaya ce tun safe har dare, inji da oda. A can kuwa kowane lokaci da muryarsa. Da asuba zakara da luguden mata, sai kukan guga a bakin rijiya, sai kuma in rana ta ɗaga ka ji unguwarmu ta ɗauka da bugun tukwane, kowace mata da ɗan katakonta tana lallashin yumɓu. Ko ido rufe ina gane bugun Kaka, don ita ba ta gaggawa, tana yi tana ɗan tsayawa kamar mai sauraron amsa. Aikina shi ne in bi ta fadama mu haƙo yumɓu, mu jiƙa, in zuba ƙaiƙayi in tattaka da ƙafa har cinyoyina su yi tsami. In na yi ƙorafi ta ce, "Taka, Uwata, wanda bai taka laka ba ba ya shan ruwan randa." In tukwane sun bushe a inuwa sai mu shafa musu jar ƙasa mu goge da ɗan dutse mai santsi. Ranar gashi kuwa duk matan unguwa ke haɗuwa a bayan gari, a jera randuna da tuluna da kasake, a rufe su da tsoffin fasassun tukwane, a lafta kara da busasshen kashin shanu, a cinna wuta. Washegari Kaka ta bi su ɗaya ɗaya tana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa. Mai lafiya ta yi amo, mai tsaga ta yi gum. Yanzu fa sai roba da ruwan leda, sai firigo mai sanyaya ruwa ga mai hali, in wutar lantarki ta ɗauke kowa ya sha ruwa kamar na wanka. Randar da nake da ita a ƙuryar ɗaki ma jikokina gidan sauro suke ce mata.

To, mai aiki da wuta dole ya san yadda zai yi da ita, kuma Kaka ta sani. Duk Jiratawa da ƙauyukan kewaye, in yaro ya faɗa murhu, ko man ƙosai ya watsu wa mace, ko kunu ya kife wa mai rarrafe, gidanmu ake nufowa da gudu. Na ga wannan ba sau ɗaya ba. Za a shigo da yaro yana tsala ihu, uwar ma tana yi. Kaka ta ajiye abin da ke hannunta, ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta durƙusa. Sai ta sunkuya dab da ƙunar ta fara magana ƙasa ƙasa, da sauri, tana yi tana hurawa. Can sai ta zagaye wurin da ɗan yatsa, ta dunƙule hannu a kai, ta faɗi wata 'yar gajeruwar magana wadda ko leɓenta da ƙyar yake motsi. Daga nan ta buɗe hannu ta karkaɗe. Bayan haka ne take shafa zuma ta lulluɓe da gashin zomo. Ko maganar ce ke aiki, ko sanyin hannunta, ko kuwa Allah ne ke ganin dama, ni ban sani ba, kuma na tsufa da yawa da in yi wa wani gardama. Abin da idona ya gani shi ne yaron yakan yi shiru, wani ma barci ke kwashe shi a cinyar uwarsa. Ba ta karɓar komai. Wanda ya matsa ya kawo goro sai ta raba wa mata.

Wannan shi ne surkulle, kuma a lokacin ba a haɗa shi da wani abu. Tofi na malamai ne, daga Alƙur'ani. Sammu mugunta ce, a binne ake yin ta, mai yin ta ba ya so a sani. Kirari da ƙarfi ake yi don kowa ya ji. Surkulle kuwa magana ce da ake yi da abin da ba mutum ba, da murya ƙasa, don shi kaɗai ake so ya ji. Mafarauta suna da nasu na dawa, masunta suna da na ruwa, maƙera na ƙarfe, masu kama maciji na maciji. Kowane gida da nasa, ba a ara, ba a sayarwa.

Inda kalmar ta samo asali kuwa, na ji bakuna uku a rayuwata. Malamin babana ya ce daga shirka take, wai bakin jahilai ne ya murɗe ta. Ɗana, da ya zama mushen lakwal, wato malamin boko, ya ce a ganinsa ba ta da wani asali, kwaikwayon ƙunƙunin mai yin ta ne kawai, kamar yadda ake cewa surutu. Ban isa in ce sun yi ƙarya ba, sun fi ni karatu. Amma ta Kaka na riƙe, don ita ba da baki kawai ta gaya mini ba. Wata safiya ce ta sanyi, ta sauke tukunyar ruwa daga murhu ta juye mini a ƙwarya, ta ce in sa hannu. Na ce ai zai ƙona ni. Ta ɗebo na randa ta zuba, ta ce, "Mi na yi yanzu?" Na ce, "Kin surka." Ta ce, "To ƙuna ruwan zahi ce anka zuba cikin jikin mutum. Ba ka iya kwashe shi, sai dai ka surka. Ni da magana nike surkawa. Amma in kin surka kin tashi kin bar shi, zahin komowa yake, don wuta ba ta da kunya. Sai kin kulle. Surki, kulle. Shi ne mutane sunka haɗe don ƙiwuya, sunka ce surkulle."

Daga ranar ta fara koya mini, amma rabin farko kaɗai, wato surkin. Ta ce shi kan ɗauki lokaci kafin ya zauna a baki. Kullen kuwa 'yar magana ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba, sau ɗaya tak ake faɗa wa mutum a kunne, kuma ranar da mai ita ta faɗa, bakinta ya huce ke nan, ba za ta ƙara yi wa kowa ba. Mace ke ba mace, kuma sai jininta. Ita gwaggonta ce ta ba ta a Tsibiri ana gobe za a kai ta ɗaki. Ta ce ni ma sai ranar tawa ta zo. Surkin ba wani abin ɓoyo ba ne yanzu, tunda ba ya tsayuwa shi kaɗai. Farkonsa gori ake yi wa wuta: "Ja ɗiyar ƙyastu, na san uwarki, na san ubanki. Ubanki ƙarfe, uwarki ƙanƙara, abduga ta yi renonki. Raɓa na gaishe ki, gulbi na gaishe ki, gindin randa na kiran ki." Daga nan sai wasu kalmomi da ba Hausa ba, ko kuma Hausar da ta riga mu tsufa, ita kanta Kaka ba ta san fassararsu ba. Ina tattaka yumɓu ina maimaitawa, in na yi tuntuɓe ta ɗaka mini duka a ƙeya ta ce in sake.

A haka Baba ya same ni wata rana da ya zo daga Maraɗi a kan kekensa. Ina bayan rumbu ina ta yi da ƙarfi, don ni a lokacin waƙa na ɗauke shi. Ko kallona bai yi ba, dama uba ba ya sakin fuska da 'yar fari. Ya wuce wurin Kaka ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce, "Inna, na ji abin da yarinyar nan ke faɗi. Ke ban isa in hana ki ba. Amma ita ɗiyata ce, ni za a tambaya ranar gobe. Kiran wuta da suna, ana gaishe ta kamar mai ji, wannan shirka ce."

Kaka ta ce, "Sannu Malam." Haka take kiran sa in tana son ta tsokane shi. "Ran da ka faɗa cikin tokar gashi kana rarrafe, shirkar ce ta bar maka ƙafar da kake taka keke da ita."

Ya ce, "Allah ne ya bar mini, Inna."

Ta ce, "Wa ya ce ba shi ba ne?"

Suka yi ta yi, shi murya ƙasa, ita murya sama. Daga ƙarshe ya ce in ba za a bari ba, yau zai ɗora ni a keke mu tafi Maraɗi wurin uwata. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba, Kaka ta sauko. Ni kaɗai gare ta a gidan nan, ni ke kwana a bayanta. Ta ce to ta bari. Baba ya ce, "Inna, na san ki. Ina juya baya za ki ci gaba." Wannan kalma ita ta ɓata komai, kuma na san har ya mutu yana cizon yatsa a kanta. Kaka ta miƙe tsaye, ta fizgo ni, ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar kaina, ta juya ta fuskanci murhu. Ta ce, "In na ƙara sa ma ɗiyar ga kalma guda ta wuta a kunne, wutar ta ci ta."

Baba ya zabura ya ce, "Subhanallahi, Inna, ban ce ki rantse da ita ba."

Ta ce, "Ka ce maganata ba ta ishe ka ba. To ga wadda ta isa. Hau kekenka."

Aka bar ni a Jiratawa, karatu kuma ya tsaya. Kaka ta ci gaba da yi wa mutane, amma in an kawo mai ƙuna sai ta kore ni waje. Na ji haushi ƙwarai, na yi kwanaki ba na cin tuwonta da daɗin rai. Ita kuwa ko kula ni ba ta yi ba, sai dai in ta ga na kumbura ta ce, "Uwata, in kin gama hushin ga yumɓu can na jiran ki."

Da bazara abin ya faru, lokacin da iska ba ta da alƙibla. Ranar gashi ce, an cinna wuta ta kama sosai. Sai wani gefe ya zame, tuluna suka fito fili, in aka bar su haka fashewa za su yi. Kaka ta ɗauki doguwar sanda ta matsa don ta mayar da karan. Ina tsaye ina kallo guguwa ta taso daga gona, ta bi ta kan wutar ta kwantar da ita gaba ɗaya a kan Kaka. Zanenta ya kama. Kafin mata su kayar da ita su yi ta watsa mata ƙasa, wuta ta ci ta daga cinya har gadon baya. Ba ta yi ihu ba. Ƙawarta da muke ce wa Iya, maƙwabciyarmu, ita da wasu mata suka ɗauke ta a tabarma zuwa gida. Ina biye ina cewa, "Kaka, ki yi ma kanki mana, ki yi ma kanki." Iya ta ce in yi shiru, baki ba ya surka wa jikin da ke ɗauke da shi. Duk unguwa an san haka, ni kaɗai ce ban sani ba.

Aka aika Maraɗi, Baba ya iso kafin la'asar tare da wani ma'aikacin likita. Mutumin ya wanke ciwon, ya shafa magani, ya yi mata allura, ya ce lalle a kai ta birni. Aka kawo amalanke, amma ko taɓa ta aka yi sai ta sume, da ta farfaɗo kuma ta ce ba mai fitar da ita daga ɗakinta. A rubda ciki take kwance, an rufa mata ɗan mayafi a kan sanduna don kada ya taɓa fata. Zazzaɓi ya rufe ta. In ka sa hannu a goshinta sai ka ji kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Ni na fara, ba wanda ya sa ni. Na wanke hannu, na kurkure baki, na durƙusa na yi mata surkin, ina yi ina hurawa yadda na ga tana yi. Baba yana zaune a bakin ƙofa da tasbaha, ya ji ni sarai, bai ɗago kai ba. Da na kai ƙarshe sai Kaka ta sauke numfashi ta ce, "Yauwa, Uwata. Bakinki na da sanyi." Ta yi shiru kamar mai barci. Amma ba a jima ba nishi ya dawo, don ba kulle. Na sake yi, ta sake lafawa, zafin ya sake dawowa. Haka muka yi ta yi. Baba kuma in na gaji ya matso ya karanta nasa ya tofa mata, ba ta hana shi ba, har amin take cewa.

Da ya ga jiki ya ƙi, sai ya yi abin da ban taɓa zaton zai yi ba. Ya hau keke ya tafi Tsibiri neman gwaggon Kaka, ko tana da rai. Mutumin da ya ce shirka ce, shi ne ya bi gida gida cikin anna yana tambayar mai surkullen wuta. Ya same ta, tsohuwa tukuf, ba ta gani. Daga baya ya ba ni labari, ya ce da ya gaya mata sai ta yi ta kuka, ta ce, "Ɗana, bakina ya huce tun ran da na ba ta. Ko na tuna kalmar, iska ce. Duk duniya ita kaɗai ke riƙe da ita." Ya dawo da yamma, ƙafafunsa fari fat da ƙura, bai ko sha ruwa ba ya shiga ɗaki ya durƙusa a gaban uwarsa.

Ya ce, "Inna, na janye. Ki ba yarinyar nan. Ni na hana, ni kuma na ce ki ba ta."

Kaka ta buɗe ido ta ce, "Ba kai na rantse ma ba."

Ya ce, "Rantsuwa tana da kaffara. Zan yi azumi, zan ciyar da miskinai, duk abin da anka ce zan yi."

Ta ce, "Taku ke da kaffara, Malam. Tawa wuta ta ji ta. Kuma ka ga dai ba kurma ba ce."

Ya ce, "To ni ki faɗa mani. Ga kunnena." Ya kai kunnensa dab da bakinta, babban mutum da gemunsa, hawaye na zuba a kan tabarma. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta shafa kansa, ta ce ba ta zama a kunnen namiji, kuma ko tana zama ba za ta ɓata masa hanyar da ya ɗauka ba saboda tsohuwar fata. Ni kuma na faɗa kanta ina cewa ta gaya mini, in wutar za ta ci ni ta ci ni, ban damu ba. Ta ce, "Ji mani uwar ga tawa da wauta. Ke ba ki ga yadda muke gashi ba? Fasassu ake jerawa a sama su sha wuta, don sabuwa ta hito lahiya. Yi mani wanda kika iya, ya ishe ni."

Na daɗe a rayuwata ina jin haushin Baba, sai da na haifi nawa na gane tsoron Allah ne da tsoron abin da zai same ni suka sa shi, ba ƙin uwarsa ba. Na kuma daɗe ina jin haushin Kaka, da ta zaɓi ta bar ni da raina ba ta tambaye ni ba. Kalma ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba, tana nan a bayan haƙoranta, kunnena kuma bai fi taƙi ɗaya da bakinta ba, kwana da kwanaki. Na yi dabara irin ta yaro, in ta fara sambatun zazzaɓi sai in kasa kunne ko za ta suɓuce mata. Ta kira uwarta, ta kira 'ya'yanta da suka mutu, ta yi faɗa da mai sayen tulu a kasuwa, amma ko cikin sambatu ba ta saki wannan ba.

Na ci gaba da surki. Ban san sau nawa na yi ba, na dai san muryata ta dushe har ta ɗauke, ya zama leɓe kawai ke motsi da iska. Iya takan ja ni ta ce in ci abinci, in ci loma biyu in dawo. Na sa a raina cewa in na yi ta yi ba fasawa, zafin ba zai sami ƙofar dawowa ba, ko ba kulle zai gaji ya tafi.

Ranar da abin ya ƙare, da hantsi ne. Baba yana zaure da mazan da suka zo dubiya, Iya ta leƙa gidanta ta daka gero, ni kaɗai ce a ɗakin. Tun da gari ya waye Kaka ba ta yi nishi ba, ni kuwa ina ta yi ina hurawa. Da na kai ƙarshe na sa hannu a goshinta kamar kullum, ina jiran zafin nan da ya saba gasa mini tafi. Sai na ji sanyi. Na taɓa wuyanta, na taɓa hannunta, na taɓa tafin ƙafarta, ko'ina sanyi. Na jira zafin ya dawo, bai dawo ba. Na haihu, na aurar, na je Makka na ga Ka'aba da idona, amma wallahi ban taɓa farin ciki irin na wannan lokacin ba. Na fita da gudu na faɗa zaure cikin maza ko sallama babu, da 'yar ragowar muryata na ce, "Baba, ya kama. Kaka ta yi sanyi, duk jikinta ya yi sanyi, ko kulle ban yi ba."

Mazan suka sunkuyar da kai. Baba ya tashi ya shiga ciki, ya ɗan jima, ya fito. Ina tsakar gida ina tsalle, na kama hannun rigarsa ina cewa ai na gaya muku, ai na gaya muku. Ya tsuguna a gabana ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Can ya ce, "Kin yi ƙoƙari. Ya isa haka nan, kada ki ƙara." Sannan ya ce, "Tahi ki ce ma Iya ta ɗora ruwa, za a yi ma Inna wanka."

Na ruga ina dariya, ina gaya wa duk wanda na gamu da shi a hanya cewa Kaka ta warke, har wanka za ta yi. Na tarar da Iya a gindin turmi na faɗa mata saƙon Baba yadda ya faɗa, ban rage ko kalma ba. Ta saki taɓarya ta faɗi ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka. Sai a lokacin na daina dariya.